Kilo Uku Cif

Kwalin ya iso Jega a kan buhunan albasa.
Direba ya miƙo shi yana kau da kai,
don kusurwa ta yage, ƙafa ta leƙo,
'yar ƙafa mai yatsu biyar, sanyi ƙalau.
Na ce, "Roba ce, Nomau."
Ya ce, "Allah shi kyauta,"
ya ja motarsa, ko na goro bai tsaya karɓa ba.

Ta makarantarmu ta gama aiki tun bara,
wuyanta ya tsinke a hannun 'yan aji biyu.
Takarda uku na rubuta, aka ce babu a kasafi.
Mai kyan, kuɗinta albashina huɗu,
sai na sayi ta talaka, wadda ake haɗawa a gida:
kai ɗaya, hannu biyu, ƙafa biyu a leda,
idanu daban a ƙunshi kamar ƙwayar magani.
Gangar jiki kuwa, kowa ya ɗinka abinsa.

Araha ba ta ado.
Kunnen hagu ya ɗara na dama,
ga tabon inji a ƙeya,
fatar fara fat kamar ɓararren rogo.
Shekara sha tara ina karɓar haihuwa,
wanda duk ya zo mini babu jini a fuska haka
bai yi kuka ba.

Don haka na dama fenti a murfin gwangwani,
ruwan ƙasa, ɗigon ja, ɗan shuɗi saboda jijiya.
Shafa bakwai, kowace sai ta sha iska.
Na bar tafin ƙafa da haskensa,
na ƙara duhu a gefen kunne,
don namu ja suke zuwa duniya,
a kunne kaka take karanta baƙin da za su yi.

Tela Arzika ya ɗauko farin yadi.
Na ce masa, kowane launi, ban da fari.
Ya fahimta, ya yanko ragowar atamfa.
Na wanke yashin gulbi, na shanya, na ɗura a safa,
na kai wa mai sikeli a bakin kasuwa,
ina ƙarawa, ina ragewa, yana dariya,
har allura ta tsaya kan kilo uku cif.
Kan na bar shi da nauyi da gangan.

Takardar ta ce gashin akuyar waje ake dasawa.
Tamu ja ce, gashinta kamar tsintsiya.
Na tsefe gashin kanti, na dasa da allura,
sili-sili, dare tara, da fitilar waya a baki.

Ran na goma Inna Tumba ta shigo aron rariya.
"Ke! Yaushe? Shi ne ba a hwaɗa muna ba?"
Kafin in buɗe baki ta sure ta, tana jijjigawa.
Sai ta tsaya.
Ta kai kumatunta kusa da hancin, tana jiran iska.
Na faɗa mata.
Ta yi salati, ta yi faɗa kan mutum-mutumi a ɗaki,
faɗa mai tsawo,
duk tana rufe mata ƙafa da gefen mayafi.
Rariyar ma a nan ta bar ta.

Litinin, ɗalibai talatin da biyu.
Na ce, Hassu, zo ki yi mata wanka.
Ta ɗauko ta da hannu ɗaya kamar tulu,
kan ya lanƙwashe baya,
aji duka ya ce wayyo,
hannu goma suka miƙo a tare.

Wannan wayyon na saya.

A littafin sito na rubuta: kayan koyarwa, guda ɗaya.
Ban raɗa mata suna ba, ba zan raɗa ba.
Amma ɗinkin hammata ya fara saki,
kullum in na dawo gida
sai na karkaɗe yashi daga kafaɗata,
daidai inda ba a ce in ɗora ta ba.